Ranar da sojan zai tashi, wa zai ɗauke tukunyar?

Ranar 5 ga watan Agusta 2024 sojojin Amurka suka fice daga sansanin jirage marasa matuƙa da ke gefen garin Agadas, wanda suke kira sansani na 201. Sama da dala miliyan 100 suka kashe wajen gina shi. Sun shimfiɗa titin jirgi a cikin rairayi, sun kafa ɗakunan kwana da na ajiya, duk wanda ya ga girman aikin zai ɗauka zaman din-din-din aka zo yi. Sai ga shi a watan Maris na wannan shekara hukumomin soja na Yamai sun ce yarjejeniya ta ƙare, kafin damina ta fita kuwa baƙi sun naɗe tabarmarsu. Abin da ya ɗauku suka loda a jirgi, wanda bai ɗauku ba suka bar shi a wurin.

Wannan ranar ce ke faɗo mini a rai duk sa'ad da na karanta labarin ƙaramar tashar nukiliya da ma'aikatar tsaron Amurka ke ƙerawa, wadda za a iya ɗora wa mota ko jirgin sama a kai ta duk inda soja ya yada zango. Ba a kai ta Agadas ba, ba a ma kunna ta ba tukuna. Amma irin wurin da aka tsara ta dominsa ke nan: sansani mai nisa, hanya mai wuya, babu wutar gwamnati. To da a ce cikin kayan da ke sansanin nan a ranar akwai irin wannan ƙaramar tasha, wato tukunyar nukiliya, da ta shekara biyu tana ci, da yaya tashin zai kasance? Ra'ayina dai shi ne, Amurka ta gwada abinta a gida, ta yi amfani da shi a gida idan ya yi mata. Amma ɗaukar wannan tukunya a kai ta fagen fama a ƙasar wasu, wannan kam ban yarda da shi ba, kuma bai kamata wata ƙasa da ke karɓar baƙuncin sojan waje ta yarda ba.

Sunan aikin Pele, kuma ba shi da alaƙa da ɗan ƙwallon Brazil. A shekarar 2020 aka bai wa kamfanoni uku kwangilar zana shi, a watan Yuni 2022 aka zaɓi kamfanin BWXT da ke jihar Bajiniya, kan kuɗi kusan dala miliyan 300, ya ƙera na gwaji. Sharaɗin da aka gindaya shi ne ta ba da wuta tsakanin megawat 1 zuwa 5, ta yi aƙalla shekara uku ba a ƙara mata makamashi ba, ta shiga cikin kwantena huɗu irin masu ƙafa 20 da muke gani a bayan tirela, a iya haɗa ta cikin kwana uku, a iya kashe ta a kwashe cikin kwana bakwai. Don a gane ƙanƙantarta, madatsar Kainji an gina ta ne da ƙarfin megawat 760. A watan Satumba 2024 aka fara share filin gwajin a cibiyar binciken nukiliya da ke jihar Idaho. A watan Mayu 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin cewa rundunar sojan ƙasa ta kunna tukunyar nukiliya a wani sansani na cikin gida kafin ƙarshen Satumba 2028, rundunar ta biyo baya da wani shiri mai suna Janus a watan Oktoba. Maganar ta wuce ta takarda, ana zuba kuɗi, ana narka ƙarfe.

Dalilinsu kuwa ba na banza ba ne, kuma zalunci ne in yi kamar ban gan shi ba. Sojan zamani mai yake sha kafin ya harba harsashi ɗaya. Ma'aikatar tsaron da kanta ta ce tana ƙona sama da galan miliyan 10 a kowace rana, kusan lita miliyan 38 ke nan. A Afghanistan, man da ke kunna janareto a sansanonin kan tsaunuka da yawa daga cikinsa daga tashar jiragen ruwa ta Karachi ake ɗauko shi, ya ratsa Pakistan a cikin ayarin tankoki, kuma ayarin nan shi ne abin da 'yan Taliban suka fi sauƙin samu. Wani bincike na rundunar sojan ƙasa ta Amurka ya nuna cewa a shekarar 2007, cikin kowane ayarin mai 24 a Afghanistan ana kashe ko raunata mutum guda. A watan Nuwamba 2011, bayan jiragen NATO sun kashe sojan Pakistan 24 a kan iyaka, Pakistan ta rufe hanyar gaba ɗaya har watan Yuli na shekarar da ta biyo. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. Mun ga yadda tun watan Satumba 2025 'yan bindiga a Mali suka riƙa ƙona tankokin da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa har Bamako ta rasa mai, aka rufe makarantu. Wanda ya riƙe hanyar mai ya riƙe maƙogwaron gari. Don haka kwamandan da ya ce yana son wutar da ba ta bin hanya, na fahimce shi. Direban tankar da ke tuƙa lita dubu talatin cikin kwazazzabo yana jiran nakiya ta tashi a ƙarƙashinsa, shi ma ɗan wani ne.

Sai dai tukunyar wutar lantarki kawai take bayarwa. Jirgin yaƙi da jirgi mai saukar ungulu da tankar yaƙi da motar sulke duk mai za su ci gaba da sha. Ayarin zai ragu, ba zai ƙare ba. A madadin wannan ragi kuma an ajiye a tsakiyar sansani wani abu da ya fi kowace tanka jan hankalin abokin gaba.

Masu ƙera ta suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Makamashin da ke cikinta ana kiransa TRISO. Ƙwayoyin yuraniyom ne da ba su kai ƙwayar gero ba, kowace an lulluɓe ta da ɓawo hawa-hawa na gawayi da wani irin tangaran mai tsananin tauri, yadda gubar da ke fita lokacin da yuraniyom ke tsagewa za ta tsaya a cikin ƙwayar. An gwada su a zafin da ya kai digiri 1,800 na tsawon ɗaruruwan sa'o'i ba su narke ba. Yuraniyom ɗin kuma tacewarsa ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, alhali na bam yana kai wa wajen kashi 90. Saboda haka tukunyar ba za ta fashe kamar bam ɗin Hiroshima ba, kuma duk mai tsorata mutane da wannan bai faɗi gaskiya ba. Na yarda ƙwayar nan tana jure zafi. Abin da ke damuna shi ne ranar da makami mai linzami zai faɗo mata daga sama.

Ranar 8 ga Janairu 2020 Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi, suka sauka a inda aka auna su, sama da sojan Amurka 100 suka sami rauni a ƙwaƙwalwa saboda ƙarfin fashewar. Ranar 28 ga Janairu 2024 wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ya kutsa sansanin da ake kira Hasumiya ta 22 a Jodan ya kashe soja uku suna barci. Waɗannan sansanoni ne masu na'urar hango makami. Farfesa Alan Kuperman na jami'ar Texas ya fitar da rahoto a shekarar 2021 yana jan kunne kan wannan: idan makami ya sami tukunyar, ƙwayoyin nan na iya watsuwa a faɗin sansani da kewayensa, ko da ɓawonsu bai fashe ba suna nan suna fitar da tururin guba. Idan kuma abokan gaba suka ci sansanin, sun sami abin haɗa bam mai watsa guba ba tare da sun sha wahalar nema ba. Ana cewa za a binne ta ko a kewaye ta da kankare, kuma a Idaho ma gidan kankare ake gina mata. To abin da aka zuba wa kankare mai kauri, yaya za a ɗauke shi cikin gaggawa? Kariyarta da saurin ɗaukarta kishiyoyin juna ne, duk wanda ka ƙara sai ɗayan ya ragu. Kuma tunanin cewa babu wanda zai kuskura ya taɓa wurin nukiliya ya riga ya mutu a Yukiren, inda aka mamaye tashar Zaporizhzhia a watan Maris 2022, aka kuma huda rufin tsohuwar tashar Chernobyl da jirgi maras matuƙi a watan Fabrairu 2025.

Akwai kuma tarihi, domin ba yau aka fara wannan mafarki ba. Daga 1954 zuwa 1977 rundunar sojan ƙasa ta Amurka tana da shirin nukiliya nata, ta gina tukwane takwas. Ɗaya daga ciki, SL-1, an tsara ta ne don tashoshin hangen jirage da ke can ƙuryar arewa mai ƙanƙara. Daren 3 ga Janairu 1961, a wannan filin na Idaho da za a gwada Pele, aka zare sandar da ke daidaita wutarta da hannu fiye da ƙima, ta yi bindiga, ma'aikata uku suka mutu, aka binne su cikin akwatunan da aka shafe da dalma. Wata mai suna ML-1, wadda ita ce kakar Pele ta gaskiya tunda a bayan mota aka tsara ɗaukarta, 'yan ɗaruruwan sa'o'i kawai ta yi tana aiki aka soke ta a 1965. Wadda aka kai sansanin McMurdo a yankin ƙanƙara na kudancin duniya ta yi shekara goma, daga 1962 zuwa 1972, aka lissafa mata matsala 438, daga ƙarshe sai da aka haƙe dubban tan na ƙasa da duwatsun da ta gurɓata aka loda a jirgin ruwa zuwa Amurka.

Na san za a ce fasahar shekara sittin baya ce, kuma haka ne. Injiniyoyin yau sun fi na jiya kayan aiki. Abin da nake kallo a tarihin nan shi ne halin soja idan ya gama da wuri, domin shi bai canja ba. A Greenland, ƙarƙashin ƙanƙara, Amurka ta gina sansanin Century, ta kunna masa tukunya daga 1960 zuwa 1963. Ta ɗauke tukunyar, amma da ta bar sansanin a 1967 sai ta bar gurɓataccen ruwan da ya sanyaya ta, da man dizal, da sauran datti, bisa zaton ƙanƙara za ta binne su har abada. A shekarar 2016 masana suka yi gargaɗin cewa ɗumamar yanayi na iya tone su. Mutanen Greenland babu wanda ya shawarce su ranar da aka kawo, kuma sai a shekarun 1990 aka san cewa bayan sansanin akwai ɓoyayyen shirin jibge makaman nukiliya cikin ƙanƙarar. Kai, ko a gida ma, tukunyar SM-1 da ke sansanin Belvoir kusa da birnin Washington an kashe ta tun 1973, amma sai bayan kusan shekara hamsin aka fara rushe ta. Idan wadda ke ƙofar gidan masu ita ta yi wannan jira, ina ga wadda aka bari a hamadar wata ƙasa da aka rabu baram-baram?

Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kwana bakwai ɗin nan da aka rubuta a sharaɗi, a nan hankalina ya fi tsayawa. Tukunyar nukiliya ba janareto ba ce da za ka murɗa makulli ta yi shiru ka ɗauka. Bayan an kashe ta cikinta yana ci gaba da fitar da zafi da tururi, dole a jira ta huce kafin mutum ya kusance ta da ƙugiya. Kwana bakwai kuwa lissafin lokacin lafiya ne, ranar da titin jirgi ke buɗe, babu mai harbi, ƙasashen da za a ratsa sararin samaniyarsu sun yarda a wuce musu da kayan nukiliyar da aka riga aka ƙona. A Agadas an sami watanni, an yi bankwana cikin tsari. A Afghanistan fa? Cikin dare, a farkon watan Yuli 2021, sojan Amurka suka bar sansanin Bagram, suka kashe wuta, kafin sojan gwamnati su karɓi wurin masu wawaso sun riga sun shiga. Bayan makonni shida Kabul ta faɗi, kuma duniya ta ga yadda filin jirginta ya kasance. Yaƙi ba ya bai wa mai gudu sanarwar mako guda.

Masu wawason nan su ne mutanen da suka fi tsaya mini a zuciya, domin na san su, irin mutanenmu ne. Talaka ba ya ganin alamar haɗari a jikin ƙarfe, kuɗin cefane yake gani. A watan Satumba 1987, a garin Goiânia na Brazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi suka ɗauko na'urar ƙona cutar daji suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa ta sai aka ga wani gari mai shuɗin haske cikin duhu, aka riƙa nuna wa 'yan uwa da maƙwabta. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, kusan 250 suka gurɓata, sai da aka auna sama da mutum dubu ɗari. Wannan ba tukunya ba ce ma, ɗan abu ne da zai shiga tafin hannu. A Arlit da Akokan, inda aka kwashe sama da shekara arba'in ana haƙar yuraniyom, masu bincike daga waje sun tarar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinai ana sayarwa a kasuwa, da duwatsu masu tururi a cikin titunan gari. Kamfanin Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 ya bar tsaunin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Mun kuma ga Majiya a jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, inda tanka ta faɗi mutane suka fito da bokiti, sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan haɗari ne da ido ke gani, hanci ke ji, amma talauci ya rinjayi tsoro. To ina ga gubar da ba ta da wari, ba ta da launi, sai bayan kwanaki jiki ya fara nunawa? Duk wanda ya zana na'ura a Bajiniya bai sa ɗan gwangwan a lissafinsa ba, bai gama zanen ba.

Akwai masu kafa hujja da jiragen ruwan yaƙi, su ce tun shekarun 1950 Amurka ke yawo da tukwanen nukiliya a teku suna shiga tashoshin ƙasashe. Gaskiya ne. Amma jirgin ruwa idan hankali ya tashi yana ɗaga anga ya tafi da tukunyarsa a cikinsa. Ta tudu sai an zo an ɗauke ta. Ko a hakan ma, New Zealand, ƙawar Amurka ce, ta kafa doka a 1987 ta hana irin waɗannan jirage shiga ruwanta, kuma ƙasar tana nan lafiya.

In ana son sanin wahalar fitar da makamashin nukiliya daga ƙasa, ba sai an je nesa ba. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike da Sin ta ƙera, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kilowat 30 kacal. Makamashinta na farko yuraniyom ne mai tsananin tacewa, nauyinsa wajen kilo guda. Da aka yanke shawarar canja shi da maras haɗari, sai da Najeriya da Amurka da Sin da hukumar makamashin nukiliya ta duniya suka kwashe shekaru suna shiri da horar da ma'aikata, kafin a ƙarshen 2018 a fitar da shi cikin tsaro mai tsanani a mayar da shi Sin. An yi aikin da kyau, ina alfahari da masananmu da suka yi shi. Amma kilo guda ne, a harabar jami'a, kowa na son a yi nasara. Shi ya sa ba na kallon alƙawarin kwana bakwai a matsayin abin da ƙasa za ta ɗora lafiyar mutanenta a kai.

Ban ce a daina binciken ba. A Alaska akwai sansanin sojan sama na Eielson, inda sanyi ke daskarar da komai kuma har yanzu kwal ake ƙonawa don samun wuta da ɗumi, ana shirin kafa masa ƙaramar tukunya da za ta zauna wuri guda. Wannan yana da ma'ana. Ƙasarsu ce, dokarsu ce ke aiki, 'yan jaridarsu da kotunansu na nan, idan an yi ɓarna akwai wanda za a kama. Watakila ma nan gaba abin da aka koya ya amfani ƙauyuka da asibitocin da ke nesa da turakun wuta, ko da yake a ƙasarmu mai rana kamar ta gasa mutum, ina ganin farantan sola za su riga ta isa ƙauye da shekaru masu yawa, kuma da arha. Bambancin shi ne a ƙasar waje duk waɗannan masu sa ido babu su. Yarjejeniyar zaman sojan baƙi galibi a rufe ake ƙulla ta, sojan ba ya gurfana gaban kotun mai masauki, ɗan majalisar ƙasar ma ba ya shiga sansanin sai da izini. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta ajiye makaman nukiliya da zubar da sharar nukiliya a nahiyar, amma tukunyar ba da wuta ba makami ba ce a ma'anar yarjejeniyar, kuma har yau majalisar dattawan Amurka ba ta amince da ɓangaren da ya shafe ta ba.

A watan Janairu 1961, Najeriya tana 'yar wata uku da samun 'yanci, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ke yi a hamadar Aljeriya. Ƙasar ba ta da ƙarfin soja a lokacin, abin da take da shi kawai sanin cewa iskar hunturu daga can take taso mana. Abin da nake nema a yau bai kai wannan tsanani ba. Duk ƙasar da ke da sojan waje a cikinta, daga Jibuti zuwa Kenya zuwa duk inda za a koma gobe a yammacin Afirka, kuma ko sojan na Amurka ne ko na Rasha ko na Sin, ta rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a shigo mata da tukunyar nukiliya ba. Idan wata gwamnati ta ga tana so, to ta kai maganar gaban majalisa a fili, a kira sarakuna da mutanen garin da za a ajiye ta su ji da kunnensu, a faɗa musu wa zai biya idan rijiyoyinsu suka gurɓata, a kuma bai wa hukumar nukiliya ta ƙasar ikon shiga ta auna da na'urarta duk ranar da ta ga dama. Shekarar 2028 suka sa wa kansu, saboda haka yarjejeniyoyin da ake sabuntawa yanzu su ne waɗanda za su kasance suna aiki ranar da kwantenonin nan huɗu za su fara neman inda za a sauke su.